Hamsin da Bakwai, In Ji Littafi

Wani masinja ne a wani ofis. Ba zan faɗa muku ofishin ba, don har yanzu akwai masu jin haushi. Mutum ne mai ladabi, mai tsabta, ga riƙon amana. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ya gani a buge a takarda, to magana ta ƙare. An taɓa manna takarda a ƙofar banɗakin ofis cewa ana gyara. Aka gama gyaran, aka manta ba a cire ba. Wata bakwai ya yi yana tsallaka titi zuwa banɗakin gidan mai, alhali yana ganin kowa na shiga yana fita.

Shekararsa ashirin da shida yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In manaja ya yi tari, shi ne mai cewa sannu. In manaja ya kawo abin dariya, shi ne mai fara dariya tun ba a kai ƙarshe ba.

To akwai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, inda ake jibge abin da ba a son gani kuma ba a son yarwa. Karyayyun kujeru, fankar da ta daina juyi, tsofaffin labulaye. Wata Litinin manaja ya ce a share ɗakin. Gogan naka na cikin shara ya ci karo da wani littafi, kaurinsa kamar bulo. Bangon ya yage, shafukan farko ɓera ya yi kalaci da su. Ya kaɗe ƙura ya buɗe.

Ashe irin rahoton nan ne da ake fitarwa duk shekara, wanda ake zuba duniya kaf a ciki. Ƙasa kaza ta noma kaza, ta sayar da kaza. An haifi mutum kaza, kaza sun mutu. Likita nawa ne, gadon asibiti nawa ne, wace ƙasa ke faɗa da wace, wace ta shirya da wace. Layi-layi, lamba bisa lamba, har da ɗigo.

Ya ajiye tsintsiya ya zauna a kan karyayyar kujera. Ya ce a ransa, ashe duk abin nan da muke ta wahalar tsammani an riga an rubuta, ba a dai gaya mana ba ne.

Da aka tashi ya ɗaure littafin a bayan kekensa ya tafi da shi gida.

Matarsa tela ce, tana ɗinki a tsakar gida. Shekararsu talatin da aure, 'ya'ya huɗu, duk sun girma sun kama gabansu. Mace ce da ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana biyu kana jin ta.

Ta kawo masa abinci. Ya buɗe kwano, ya leƙa, ya buɗe littafi, ya sake leƙa kwano.

Ya ce, "Maman yara, akwai gyara a gidan nan."

"Wane iri?"

"Littafi ya ce arzikin duniya ya ƙaru da kashi uku cikin ɗari. Ni kuwa naman nan yanka biyu ne jiya, yanka biyu ne yau."

Ba ta ko ɗago kai daga keken ɗinki ba. Ta ce, "Sai ka je duniyar ka ci."

Bai daddara ba. Kwana biyu bayan nan maƙwabtansa biyu suka kaure da faɗa a kan kwata, wannan na cewa ruwan wancan ne ke shigo masa. Har an fara cire riga. Ya fito da littafi a hammata, ya shiga tsakani.

"Ku dakata. Rikici talatin da biyu ake yi a duniya, ga su nan a jere. Na duba sau biyu, naku ba ya ciki. An rufe lissafi. Ku bari sai baɗi."

Abin mamaki, faɗan ya mutu, don dariya ta hana su ci gaba. Shi kuwa ya koma gida yana cewa ka ga aikin ilimi.

Ran Asabar ya zo wa matar da wata sabuwa. Ya jawo kujera kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Ina so ki gaya mini gaskiya. Ba zan yi fushi ba."

"Ina ji."

"'Ya'ya nawa kika haifa?"

Ta tsayar da keke. "Ka manta ne, ko so kake in kira maka su a waya?"

"Huɗu na sani. To littafi ya ce kowace mace a ƙasar nan tana da 'ya'ya huɗu da ɗigo shida. Ina ɗigo shidan?"

Ta dube shi tun daga hula har silifa. Ta ciji zare ta tofar.

Ta ce, "Ga shi nan a zaune. Shekara talatin ina ba shi abinci, har yau bai cika mutum ɗaya ba."

Da a nan abin ya tsaya, da an yi dariya an wuce. To ran Lahadi da hantsi yana zaune a inuwa yana bin shafuka da yatsa, sai ya faɗo kan wani jadawali. An rubuta a sama: tsawon ran da ake sa ran mutum zai yi. Ga sunayen ƙasashe a jere. Ya bi a hankali har ya zo kan tasu. Mata, sittin. Maza, hamsin da bakwai.

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗaga katifa, ya zaro katin shaidarsa. Ya duba rana da shekarar haihuwa. Ya lissafa da yatsun hannu, ya sake lissafawa da fensir a bayan kalanda. Ranar Alhamis mai zuwa zai cika hamsin da bakwai cif.

Ya fito yana dafa bango.

"Maman yara, saura kwana huɗu."

"A yi me?"

"In tafi."

"Ina?"

Ya nuna mata layin. Ta karanta, ta mayar masa.

"Baban yara, rai a hannun Allah yake."

"Na sani. Ai ban musa ba. Amma su ma mutanen nan ba da ka suka rubuta ba. Dubi yadda layin ya miƙe." Ya sake duban shafin. "Ke kuma sittin aka ba ki. Me za ki yi da ragowar bayan ba ni?"

Ta ce, "Hutawa."

Litinin da sassafe ya nemi izini a ofis, karo na farko cikin shekara ashirin da shida, ya tafi asibiti. Likitan matashi ne mai haƙuri. Ya ɗaura masa abin awon jini a hannu, ya saurari ƙirji, ya leƙa ido, ya ce ya fito da harshe.

"Baba, lafiyarka ƙalau. Zuciyarka kamar ta ɗan shekara talatin."

"Ita zuciyar ta san da maganar Alhamis?"

"Wace Alhamis?"

Ya kwance littafin daga cikin tsumma ya ɗora a tebur. Likita ya duba, ya danne dariya.

"Baba, wannan ai matsakaici ne. Ba kai aka nufa ba."

"Ni ba namiji ba ne?"

"Namiji ne."

"Ba ɗan ƙasar nan ba ne?"

"Ɗan ƙasar ne. Amma tsaya ka ji. Shekarun kowa ake haɗawa a raba. Wani tun yana jariri yake rasuwa, wani sai ya kai casa'in. In aka haɗa aka raba daidai, shi ne ake samun wannan lambar."

Gogan ya gyara zama. "Wato rabo aka yi."

"To, kusan haka."

"Kowa aka ba shi nasa."

"A takarda dai."

"Shi wanda ya kai casa'in, na wa ya ci?"

Likita ya sosa ƙeya. "Ba wanda ya ci na wani, Baba. Ba ka da wani tsoho a danginku?"

"Akwai surukata. Tamanin da tara."

"To ka gani."

"Na gani kuwa." Ya ƙirga da yatsu, bakinsa na motsi. "Ashirin da tara ta wuce da su. Kuma kullum in na je gaishe ta sai ta ce mini ita ba ta da komai."

Likita ya rubuta masa maganin barci ya ce ya je ya huta. Shi kuwa yana fita ya ce wa na kan layi, yaron kirki ne, amma shi kaɗai ne, littafin nan kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗari.

A hanya dabara ta faɗo masa. Ya tsaya gindin wata bishiya ya sake buɗe jadawalin. In tasu hamsin da bakwai ce, ta wasu fa? Ya bi layi har sama. Ga wata ƙasa can, mazanta tamanin da huɗu. Ya rufe littafi ya yi murmushi. Ashe abin na wuri ne.

Talata tun kafin a buɗe ƙofa yana bakin ofishin jakadancin ƙasar. Ya bi layi awa uku. Aka laluba shi, aka laluba littafin, aka bar shi ya shiga wani ɗaki mai sanyi da benci a jere. Da aka zo kansa ya matsa gaban taga. Wata ma'aikaciya ce a bayan gilashi, da tabarau a kan hanci.

"Fasfo."

"Ban da shi tukuna. Ga katin shaida."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Mene ne dalilin tafiya?"

"Shekaru."

"Karatu, aiki, ko ziyara?"

"Rayuwa dai, ranki ya daɗe."

"Kwana nawa kake son yi?"

"Shekara ashirin da bakwai ne hakkina in na shiga. Amma in kun ga ya yi yawa, ku ba ni goma, na bar muku sauran."

"Kana da wani a can?"

"Babu. Ba sai na shiga gari ba ma. Ko a filin jirgi kuka ajiye ni, ba ruwana da kowa. Ina share wuri, ina kai fayil."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce masa sai ya yi fasfo, ya cika fom, ya kawo hotuna, sannan a ba shi ranar ganawa. Ranar da ta fi kusa kuwa nan da wata takwas ce.

"Wata takwas? Ni da nake da jibi?"

"Haka tsarin yake, Baba. Na gaba."

Ya koma benci ya zauna. Wani mai jiran biza da ke kusa da shi, ganin ya damu, ya shiga ba shi baki. Cikin hira ya ce masa ai shi ofishin jakadanci, a doka, kamar yankin ƙasar masu shi ne. In kana ciki, kamar kana can ne.

Gogan ya juyo gaba ɗaya. "Nan ɗin?"

"Nan ɗin."

"Har bencin nan?"

"Har shi."

Ya cire takalmi ya tura ƙarƙashin benci. Ya naɗe ƙafa, ya yi matashi da littafi. Aka gama da kowa, aka fara kashe fitilu, yana nan. Masu gadi biyu suka zo.

"Baba, an tashi."

"Ku tashi abinku. Ni ina ƙasar waje."

"Za mu rufe."

"Ku rufe da ni. Juma'a da safe zan fita da ƙafata, in dai na tsallake Alhamis. Ba na cin abinci da yawa."

Suka lallashe shi, ya ƙi. Suka kira ma'aikaciyar, ta yi magana, ya ce ai ita ba za ta gane ba tunda kullum a ciki take wuni, shi ya sa fatarta ke sheƙi. Ƙarshe ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu. A bakin ƙofa ya maƙale da ƙarfen get, yana roƙo a bar ko ƙafa ɗaya a ciki. Suka dire shi a gefen titi, suka miƙo masa takalmansa da littafin ta saman katanga. Ya ce wa mai sayar da jarida da ke wurin, wai ya ji a jikinsa lokacin da shekara ashirin da bakwai suka zube.

Daga nan ya sallama. Ya ce tunda tafiya ta tabbata, ba zai tafi da nauyi a ƙirji ba.

Laraba ana taron ma'aikata a ofis. Manaja na kan kujerarsa a ƙarshen dogon tebur, mutum goma sha biyu na zaune, kowa da biro. Gogan ya shigo da tiren shayi kamar kullum. Maimakon ya rarraba, sai ya ajiye tiren, ya jawo kujera ya zauna, ya zuba wa kansa, ya sa sukari cokali huɗu.

Kowa ya zuba masa ido.

Manaja ya ce, "Lafiya?"

"Ranka ya... a'a. Yau kam ba zan ce ya daɗe ba, tunda nawa bai daɗe ba. Ina da 'yar magana."

"A tsakiyar taro?"

"Ba ni da wani lokacin. Na farko, jawabin nan da kake karanta mana duk ƙarshen shekara, na ci gaban da aka samu. Guda ɗaya ne tun shekara tara. Ni nake kai wa mai buga takardu ta canja kwanan wata. Har wanda ya rasu bara kana gode wa a ciki saboda ƙoƙarin da zai yi baɗi."

Mai buga takardu ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jakarta.

"Na biyu, baƙin gashin nan. Kowa ya san kwalbar rinin tana durowa ta biyu. In ka yi zufa yana gangarowa wuyan riga. Ba wanda ya taɓa gaya maka, don kowa na son aikinsa."

Wani ya ƙware da ruwa, aka shiga bubbuga masa baya.

"Na uku, labaran nan naka na ban dariya. Ba dariya a ciki. Ko ɗaya. Ni nake fara dariya don ina da iyali, sauran kuma ni suke yi wa dariya."

Manaja ya miƙe. Ya nuna ƙofa. "Fita."

Gogan ya shanye shayinsa, ya ajiye kofi a hankali. "Gobe ma fita zan yi, wadda ta fi wannan."

A bakin get ya ba maigadi kekensa kyauta, har da famfo. Ya tako a ƙasa zuwa gida. Rediyonsa ya ba maƙwabcin dama, takalman zuwa aiki ya ba na hagu, ya ce su riƙa tunawa da shi in za su yi faɗan kwata. Katifarsa ma wani ya nema, matar ce ta tsaya a ƙofa da almakashi a hannu.

Alhamis ta zo. Ya yi wanka, ya sa kayansa masu kyau, ya hau gado ya miƙe, ya ɗora littafin a ƙirji. Matar ta ga abin ya wuce wasa, ta aika aka ɗauko mahaifiyarta ko za ta yi masa faɗa ya ji, tunda duk duniya ba wadda yake jin kunya kamarta. Tsohuwa ta zo tana dogara sanda, aka sa mata kujera a gefen gado.

Ta ce, "Kai yanzu da hankalinka? Tashi ka ci abinci. Ba wanda ya san ranarsa."

"Haka ne, Inna. Ke kam ai ba ki san taki ba, tun shekara ashirin da tara ta wuce ki."

Tsohuwa ta juya wajen 'yarta. "Me ya ce?"

"Rabu da shi, Inna. Zafi ne."

Aka zauna. Ƙarfe goma ta yi, ba labari. Sha biyu ta yi. Ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai wanda ya san da wane lokaci aka haife shi, don kada a yi ta zaman banza. Ba wanda ya sani. Can wajen ƙarfe biyu cikinsa ya yi ƙugi, saboda tun jiya bai ci komai ba. Ya ce to ga shi nan, ta ciki ta fara.

"Maman yara, matso. Inna, ke ma ki ji. Ba na so in tafi da hakkin kowa."

Matar ta harɗe hannu ta tsaya.

"Wasiƙun nan da na riƙa aiko miki kafin aure, waɗanda kike ajiye a ƙasan akwati. Ba ni na rubuta ba. Wani abokina ne. Ni ko karanta su ban yi ba."

Ta dubi akwatin, ta dawo da ido kansa.

"Kuma ranar farko da na zo gidanku, ba wajenki na zo ba. Yayarki aka kwatanta mini. Ke kika fito, ni kuma kunya ta hana ni cewa a koma a sake."

Tsohuwa ta ce, "Wannan na ji shi sarai."

"Babban tangaran ɗinki mai furanni da ya fashe, aka ce mage ce. Ba mage ba ce. Magen ma da kika sa aka kai ta bayan gari, ta yafe ni."

Matar ta ce, "Saura me?"

"Miyarki. Gishiri yana yawa. Shekara talatin. Shi ya sa nake biyawa gidan ƙanwata kafin in iso, ba wai zumunci ne ya dame ni ba."

"Ka gama?"

"Saura ɗaya, ta Inna ce. Inna, shekarar da kika zo jinyar ƙafa kika yi mako uku a nan, aka ce miki ofis sun tura ni wani gari. Ba inda aka tura ni. A ɗakin ƙarƙashin matakala na yi ta kwana, a kan labulaye. Sauro ya cije ni, amma na samu kwanciyar hankali."

Ya sauke ajiyar zuciya ya rufe ido. "Yanzu kam na ji sakayau. Ku yafe ni."

Ana cikin haka aka ji hon a waje, aka yi sallama. Direban ofis ne. Ya shigo yana raɓe-raɓe, da ambulan a hannu.

"Sannunku. Manaja ne ya ce in kawo wannan." Ya ajiye takardar sallama a gefen gado. "Ya ce kuma in karɓo littafin ofis da ka ɗauka. Za a haɗa da sauran tarkacen a ƙone."

Gogan ya buɗe ido ɗaya. "A ƙone? Littafin duniya?"

"Ai tsoho ne. Mai buga takardu ta ce wannan ya fi shekara goma sha biyu. Duk shekara sabo ake aikowa. Na bana ma yau na karɓo daga gidan waya, yana mota."

Ya buɗe ɗaya idon. "Ɗauko."

Direba ya kawo shi, sabo fil, ko ledar ba a cire ba. Gogan ya tashi zaune, ya yage leda da haƙori. Ya nemo jadawalin, ya bi layi da yatsa har ƙasarsu. Ya karanta. Ya goge ido ya sake karantawa.

"Sittin da biyu."

Direba ya ce, "To barka. An samu ci gaba ke nan. Ai an ce allurar rigakafi da ruwa mai tsabta..."

"Yaushe aka ƙara?"

"A hankali dai, shekara bayan shekara."

"Shi ne ba wanda ya aiko mini?"

Direba ya dubi fuskar matar, ya dubi ta tsohuwa, ya tuna ya bar mota a kunne. Ya kwashi littattafan biyu ya yi waje.

Gogan ya zauna a bakin gado, ya dubi takardar sallama, ya dubi ƙafafunsa ba takalmi. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Shekara biyar. Ba aiki, ba keke, ba rediyo. Maman yara, yaya zan yi da shekara biyar?"

Matar ta je ta tura ƙofa ta sa sakata. Ta kwance ɗankwali ta ci ɗamara da shi. Tsohuwa ta miƙa mata sandarta.

Matar ta ce, "Kwantar da hankalinka, Baban yara. Mu a gidan nan da tsohon bugun muke aiki."